Mama, me ya sa raina bai ƙoshi ba?

Wata ƴar zumuntar mata a nan Damagaram ta aiko mini da tambaya, ta kuma yarda in amsa ta a fili muddin ban ambaci sunanta ba. Ga maganarta a taƙaice:

"Mama, shekarata 7 da aure, ƴaƴana 3. Ɗinki nake yi a gida, maigidana kuma malamin makaranta ne na kwantiragi. Ba na fashin sujada, ina cikin mawaƙa, ina azumi, amma raina bai ƙoshi ba. Kullum ana ce mana Yesu ya isa. Ni kuwa da na tashi na tarar da famfo a bushe, ko na ga hotunan ƙawayena a waya, sai zuciyata ta dagule. Ga shi an fitar da ankon bikin wata ƴar'uwa, jaka 12, ba ni da su sai dai in ci bashi. Maigida kuma ya fara maganar ajiye alli ya tafi Jado neman zinariya. Rashin bangaskiya ne yake damuna? Yaya mutum zai gamsu da Allah a irin wannan zama?"

Ƴata, sannu da gida, sannu da fama da yara. Kafin komai bari in sauke miki kaya ɗaya daga ka: abin da kike ji ba shaida ce ta cewa kin bar bangaskiya ba. Gawa ba ta jin ƙishirwa. Wadda ta zauna ta rubuta "raina bai ƙoshi ba" tana da rai, ranta kuma ya san akwai abin da ya kamata ya ƙosar da shi. Fiye da shekara 30 ke nan ina koyar da Littafi Mai Tsarki a zumuntar mata, kuma masu kuka irin naki ba sa tayar mini da hankali kamar waɗanda suka daina tambaya, suna zuwa ran Lahadi cikin sabuwar atamfa, suna rera waƙa, a ciki kuwa sun daɗe da rufe ƙofa.

Maganar "Yesu ya isa" gaskiya ce, a kanta nake tsaye, a kanta kuma nake fatan in cika. Amma yadda muke jefa wa mutane ita wani lokaci, kamar ka tarar da mace riƙe da tulu fanko ne ka ce mata, "Ai akwai ruwa a Gogo," wato can wajen gari inda ake jawo mana ruwa. Ta san akwai. Abin da take so ta sani shi ne yadda ruwan zai iso randarta. Ke ma tambayarki ke nan, a kanta kuma zan tsaya.

Buɗe Filibiyawa 4, daga aya 10 zuwa 14. Bulus yana ɗaure ya rubuta wasiƙar nan. Ƴan'uwa na Filibi sun aiko masa da gudummawa ta hannun Abafaroditas, yana yi musu godiya, a tsakiyar godiyar sai ya ce ya koyi zama da wadar zuci a kowane hali ya samu kansa. Ki ja layi a ƙarƙashin kalmar "koyi". Bai ce an zuba masa wadar zuci a hanyar Dimashƙu ba. Mutumin da hasken Ubangiji ya kayar da shi ƙasa, sai da ya kwana da yunwa, ya sha bulala, jirgin ruwa ya farfashe da shi har sau uku, kafin bakinsa ya iya faɗin wannan magana. Ke da kike ɗinki kin fi kowa sanin abin da ake kira koyo. Ranar da kika fara hawa keke ba ki fitar da wuyan riga ba. Kin karya allura, kin ɓata yadi, kin farke kin sake, har ƙafarki ta saba, hannunki ya san inda zai ja da inda zai saki. Shekara 7 da aure da yara 3, ai yanzu kike tsakiyar koyon nan. Ba wanda yake duban ɗan koyo a watansa na uku ya ce ba shi da rabo a sana'a.

Kalmar da Bulus ya yi amfani da ita a Helenanci, autarkes, masanan falsafa na zamaninsa suna sonta ƙwarai. A wurinsu tana nufin mutumin da ya ishi kansa, wanda ya danne sha'awarsa har ba abin da ke taɓa shi. Bulus ya ari kalmar ya sauya mata tushe, domin a aya 13 ya ce yana iya komai ta wurin wanda yake ƙarfafa shi. Ayar nan mun mai da ita ta ranar jarrabawa da ta neman aiki. "Komai" ɗin da yake nufi kuwa yana nan a aya 12: iya zama da ƙoshi, iya zama da yunwa, iya samu, iya rashi. Ki lura kuma bai mayar musu da gudummawar ba. Ya karɓa, ya ce sun kyauta da suka taya shi ɗaukar wahala. Ashe mai wadar zuci yana da bukata, kuma yana faɗinta.

A nan nake so ki raba wadar zuci da abin da mukan kira haƙuri. Haƙuri maganin zaman duniya ne, ban musa ba, yana ma cikin albarkar Ruhu. Amma haƙurin da ake ba mata a gidajenmu sau da yawa ma'anarsa "haɗiye ki yi shiru", abin da aka haɗiye kuwa ba ya narkewa, can ciki yake ruɓewa. Zabura ba ta koya mana haka ba. Ki karanta ta 73. Asaf ne mai ita, shugaban mawaƙa tun zamanin Dawuda, wato ɗan sana'arku ne ku mawaƙa. Mutumin da yake bi da jama'a cikin yabo, shi ne ya ce saura kaɗan ƙafarsa ta zame, don ya yi ƙyashin masu girman kai da ya ga suna cikin daula, jikinsu lafiya lau, ba sa shan wahala irin ta sauran mutane. Har ya kai ga cewa a banza ya tsarkake zuciyarsa. Da yau ne wata ta tashi a zumunta ta faɗi haka, da mun ce a yi mata addu'a ta ja da baya. Allah kuwa ya bar maganar a cikin Littafinsa, aka kuma rera ta a haikali. Asaf bai samu sauƙi ba sai da ya shiga wuri mai tsarki da ƙyashinsa, ya zube shi a can. A ƙarshen zaburar ba a ce aljihunsa ya cika ba. Abin da ya ce shi ne, ko jikinsa da zuciyarsa sun gaza, Allah ne rabonsa.

Yanzu mu dawo kan famfonki, don ni a ganina mu mutanen Damagaram muna da wata dama wajen fahimtar Littafi Mai Tsarki da mutanen bakin kogi ba su da ita. Garin nan a kan dutse yake. Duwatsun da kike gani jibge a unguwar Birni, ƴan'uwansu ne a shimfiɗe ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa haƙa rijiya a nan aiki ne ja. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Turawan Faransa suka ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926. Ruwan da muke sha jawo shi ake yi daga wajen gari, daga Gogo da Macaya, daga Arungoza, daga Ganaram. Kin san yadda bazara take. A bar famfo a buɗe da dare, a tara bokiti, a kwanta da kunne ɗaya. Wajen ƙarfe 2 ko 3 ki ji yana huci, ki zabura ki fito, ashe iska ce kawai. Gari ya waye ki leƙa waje kina jiran ɗan ga-ruwa ya turo kura, jarkar da kika saya jiya da arha yau ta hau. Wanda ya taɓa yin wannan zaman, in ya karanta Zabura 63 inda Dawuda yake cewa ransa yana ƙishin Allah kamar busasshiyar ƙasa marar ruwa, ba ya bukatar a yi masa sharhi.

Irmiya 2:13 ma haka. Ubangiji ya ce jama'arsa sun yi laifi biyu: sun rabu da shi, maɓuɓɓugar ruwan rai, sun kuma haƙa wa kansu ramukan tara ruwa, masu tsaga, waɗanda ba sa riƙe ruwa. A ƙasar Yahuza ana sassaƙa irin ramukan nan a cikin dutse, a yaɓe su, ruwan sama ya taru a ciki a sha da rani. In yaɓen ya tsage, mutum zai buɗe murfi cikin tsananin zafi ya tarar da laka. Mu a nan sai mu ce randa mai tsaga. Ki lura, Allah bai tsawata musu don sun ji ƙishirwa ba, inda suka kai ƙishirwar ne laifin. Anko ba zunubi ba ne. Waya ba zunubi ba ce. Albashi mai kauri ba zunubi ba ne, ina ma roƙa wa maigidanki shi. Duka randuna ne, suna da amfaninsu, amma randa ba ta ɓuɓɓugo da ruwa. Ran da kika ɗora wa atamfa nauyin ta ba ki daraja, ko kika ɗora wa albashi nauyin ya ba ki kwanciyar rai, kin nemi abin da ba za su iya ba, za su tsiyaye a hannunki. Shi ya sa ƙawar da kike ganin hotonta, ita ma da dare tana kallon hoton wata.

Zan ba ki labarin abin da ya buɗe mini ido a kan wannan. Kina yarinya lokacin, amma kin tuna. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, zanga-zangar da aka fito yi kan zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa ta juye ta zama ƙone-ƙone. Aka ƙone majami'u a garin nan, da gidaje da shagunan masu bi, washegari abin ya kai Yamai. Mu maƙwabciyarmu musulma ce ta ja ni da yara ta saka mu a uwar ɗakinta, ta zauna a zaure tana cewa ba kowa a ciki. Har in mutu ina yi wa matar nan addu'a. Da ƙura ta lafa muka koma wurin sujada. Ba benci, ba ganga, bango ya yi baƙi, kwanon rufi ya lanƙwashe ya rufto, ƙaurin toka yana shiga maƙogwaro. Muka shimfiɗa tabarmi a tsakar fili. Ƴata, ban taɓa jin waƙa ta cika bakinmu kamar ranar ba. Mai zane ɗaya da mai akwati uku duk a tabarma guda, ba wadda ta dubi ɗankwalin wata. Ran nan in kin tambayi kowace mace a cikinmu ko Allah ya isa, da hawaye za ta ce miki ya isa.

Ba a yi shekara biyu ba, an sake gini, an sayi kujeru, sai ga mu muna ɓata rai da juna a kan launin ankon Kirsimeti da wadda za ta riƙe kuɗin girki. Na daɗe ina juya abin nan a raina. Yaya mutanen da suka gamsu da Allah a kan toka suka kasa gamsuwa da shi a kan kujera? Abin da na gano shi ne, babban gwaji kamar gobara yake, kowa yana ganinsa, a yi kururuwa a kawo ɗauki, mutum ya ruga wurin Allah don ba shi da wani wurin zuwa. Ƙananan gwaje-gwaje kuwa gara ne. Ba hayaƙi, ba ihu, a ɓoye take cin azara har ɗaki ya rufta. Famfo a bushe, albashi ya yi jinkiri, yaro ya dawo da takardar kuɗin makaranta, ƙawa ta saka hoton sabon firji. Ba ɗaya a cikinsu da ya kai a kira fasto, saboda haka ba ma kai su gaban Allah. Mukan ce wannan ƙaramin abu ne, mu haɗiye, gobe a ƙara wani a kai. Abin da yake cin ranki ke nan a ganina: kina kai wa Allah azumi da waƙa da manyan roƙe-roƙe, amma ba ki kai masa famfon ba.

To ki fara kai masa. In kin fito ƙarfe 3 na dare kin tarar iska ce, kafin ki koma ki kwanta da tsaki, ki tsaya nan gindin famfon ki faɗa masa da bakinki: "Uba, ba ruwa, na gaji, raina ya ɓaci." Wannan addu'a ce cikakkiya. In kin ga hoton ƙawa zuciyarki ta motsa, kada ki yi saurin tsine wa kanki, ki tsaya ki tambayi ranki ainihin abin da yake so. Leshin ne, ko so kike a gan ki, a san ke ma mutum ce? Sau da yawa na biyun ne. Ki kira shi da sunansa a gaban Ubangiji, kamar yadda Asaf ya kira ƙyashinsa. Matar nan ta Samariya a Yahaya 4, Yesu bai ba ta ruwan rai ba sai da ya taɓo inda ƙishirwarta take, maganar mazan nan biyar. Ciwon da aka ɓoye wa mai magani ba ya warkewa.

Kuma ki sani awon kwana ɗaya ake ba da wannan abu. A Fitowa 16 an hana Isra'ilawa ajiye manna, abincin da Allah ya saukar musu a jeji, zuwa gobe, waɗanda suka ajiye ta yi tsutsa ta yi wari, sai dai ranar shida da aka ce su tara ta kwana biyu saboda Asabar. Ubangiji ma abincin yini ya koya mana mu roƙa. Ke kina so ki ji ƙoshi irin wanda zai kai ki ƙarshen shekara, ba a ba kowa haka ba. Ni har yau, da furfurata, kullum safe sai na sake ɗiba. Abin da nake yi ba wani abu mai wuya ba ne: ba na taɓa waya sai na karanta zabura ɗaya da murya, a zaune a bakin gado. Abin da ya fara shiga randa da safe, ɗanɗanonsa ne ruwan yake ɗauka har dare. Ki gwada haka wata ɗaya. Waɗanda hotunansu suke dagula miki zuciya kuma, ki rufe ganin abin da suke sakawa. Ba gaba ba ce, ki ci gaba da gaishe su, ki je musu barka da jaje.

Maganar anko, zan faɗa miki ra'ayina ƙarara: kada ki ci bashi. Bulus ya ce wa Korantiyawa abu yana iya zama halal gare shi amma ba mai amfani ba, kuma ba zai yarda wani abu ya mallake shi ba. Karin Magana 22:7 ta ce mai cin bashi bawan mai ba da bashi ne. Biki yini ɗaya ne, jaka 12 kuwa wata nawa za ki yi kina taka keke kafin ki biya, kina sauya hanya in kin hango mai kuɗin a Kasuwar Dole? Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. Na san abin da ke ƙarƙashin maganar. Mu kaɗan ne a garin nan. Tun 1924 ƴan mishan na SIM suka fara aiki a Damagaram, fiye da shekara ɗari ke nan, har yau in aka ƙirga mu ba mu cika unguwa ba. Shi ya sa in bikinmu ya tashi muke so mu fito tsaf, iri ɗaya, kada maƙwabta su raina mu. Na fahimci wannan, ni ma na ji shi. Amma maƙwabtanmu musulmi suna da kalmar ƙana'a, sun san darajarta, kuma ba su taɓa girmama mu don atamfa ba. Suna girmama wadda ba ta cin amana, wadda in an kawo mata ɗinkin sallah ta ce ranar kaza, ranar kazan za a karɓa.

Laifin ma ba naki ba ne ke kaɗai, namu ne mu iyayen zumunta. Mu muke zaɓen yadi mai tsada ba mu dubi aljihun ƙananan mata ba. A 1 Korantiyawa 11:22 Bulus ya tsawata wa ikilisiya don masu shi suna kunyata marasa shi a wurin cin abinci, Yakubu 2 kuma ya yi faɗa kan ba mai kyakkyawar tufa wuri mai kyau. Ankon da zai sa ƴar'uwa ta ƙi zuwa biki don kunya, ko ta ci bashi don ta zo, ya saɓa wa abin da aka yi shi dominsa. Zan ta da maganar a taronmu mai zuwa ba tare da na ambace ki ba. Ke kuma ki je wurin uwar amarya tun kafin ranar, ki gaishe ta, ki ce, "Mama, bana ban samu halin anko ba, amma ku kawo kayan ƴan matan amarya biyu in ɗinka, gudummawata ke nan." Ki wanke atamfarki mai kyau, ki goge, ki je ki yi rawa.

Batun maigida ya fi wannan nauyi. Wadar zuci ba ta hana nema. Bulus da kansa ɗinkin tanti yake yi don ya ci, ya kuma ce wa bayi in sun samu hanyar ƴanci su kama. A Filibi ɗin nan ma, da aka doke shi ba bisa ƙa'ida ba aka ce ya fita a ɓoye, ya ƙi, ya ce sai mahukunta sun zo da kansu. Saboda haka malamin da yake neman hakkinsa, ko yake neman ƙarin abin da zai ciyar da iyali, bai yi rashin bangaskiya ba. 1 Timoti 5:8 ma ta ɗora masa wannan nauyi. Amma wasiƙar nan ɗaya, a sura 6, ta ce masu ɗokin yin arziki sukan faɗa cikin tarko. Tun da aka ga zinariya a Jado a 2014 samarin yankin nan suke tafiya. Wanda ya dawo da mota kowa ya san sunansa, waɗanda suka dawo da tari da bashi, da waɗanda ba su dawo ba, ba a yin hirarsu a fada. Hamadar nan kuma mun san ta. A Oktoba 2013 an tsinci gawa 92 kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, da yawansu mutanen wajen Kance ne, nan kusa da mu.

Ba zan ce haramun ne ya tafi ba, Littafi bai ce haka ba. Amma in ɗana ne, ba zan sa masa albarka ya ajiye aikin da ke hannu saboda labarin fada ba. Ku zauna ku biyu, da dattijo ɗaya na ikilisiya da yake jin maganarsa, a yi tambayoyi na zahiri: da wa zai tafi, kuɗin mota na bashi ne, wa zai ciyar da ku har wata shida in shiru, da wa zai yi sujada a can, ranar da zai dawo ko ya samu ko bai samu ba. A kuma duba abin da ke kusa, kamar darasin yamma ga yaran unguwa. Sai dai ga wata magana tsakanina da ke. Namiji in ya ji matarsa tana ajiyar zuciya a kan hoton wata, abin da kunnensa yake ji shi ne "ka gaza". Wataƙila rabin tafiyar Jadon nan kunya ce. Kada ki tare shi da ayoyi. Ki bari yara su yi barci ki ce masa, "Baban yara, da ka tafi can gara mu sha kunu tare a nan." Ki faɗa in har gaskiya ce a ranki, in ba ta zama gaskiya ba tukuna, ki fara roƙon Allah ya mai da ita gaskiya. Addu'ar Agur a Karin Magana 30 ta dace da gidanku: kada talauci, kada dukiya, a ba ni abin da zai ishe ni.

Kada kuma ki manta da jiki. Iliya ya gudu jeji ya zauna gindin itace yana roƙon mutuwa, a 1 Sarakuna 19, mala'ika bai yi masa wa'azi ba. Ya tashe shi ya ci waina ya sha ruwa, ya bar shi ya sake barci, ya sake tashe shi ya ci. Mace mai yara 3, mai tashi tsakar dare taron ruwa, mai yini a kan keke, ga azumi a kai, wani ɓangare na duhun da take gani gajiya ce. In kina shayarwa ki dakata da azumin nan. In jiri yana ɗibarki, ko barci ya ƙaurace miki, ko kuka yana zuwa ba dalili har makonni, musamman bayan haihuwa, ki je asibiti a auna jininki ki kuma faɗa wa likita yadda kike ji. Ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro sun sa mata da yawa zargin kansu da laifin da ba su yi ba.

Masu wa'azin da ke yawo a waya suna cewa ki "shuka iri" na kuɗi Allah ya ninka miki, ki rabu da su. Ishaya 55 kira yake ga mai ƙishi ya zo ya sha ba da kuɗi ba. Baikonki na majami'a ki bayar gwargwadon abin da kike da shi, da farin ciki, kamar yadda 2 Korantiyawa 8 da 9 suka koyar.

Kin tambaya yaya gamsuwar take. Kada ki jira ta zo miki kamar daɗin da ake ji in ganga ta yi zafi a sujada, wannan yakan zo ya wuce. A 2005, shekarar da yunwa ta yi tsanani a yankin nan da na Maraɗi bayan fari da fara, akwai wata gwauruwa a ikilisiyarmu, ƙuli-ƙuli take sayarwa. Na je gidanta da la'asar na tarar da ita tana dafa ganye, ba ko ƙwayar gero a ɗakin. Ta shimfiɗa mini buhu na zauna. Na buɗe baki in ƙarfafa ta, ita ce ta riga ni, ta ce in karanta mata ƙarshen Habakuk, don ba ta iya karatu ba: ko ɓaure bai yi toho ba, ko gonaki ba su ba da abinci ba, ko garke ya ƙare, duk da haka zan yi murna da Ubangiji. Ina karantawa tana juya tukunya, hawaye yana bin kuncinta. Da na gama ta ce, "Mama, yunwa nake ji, amma ba a yashe ni ba." Sannan ta tambaye ni ko akwai sauran hatsin taimako a majami'a, na ce akwai, muka tafi tare ta karɓi tiya biyu.

Ranar Alhamis da la'asar ina gida. Ki zo da atamfar da kike tunanin sakawa mu duba ta, in kuma kina jin nauyin zuwa wurin uwar amarya ke kaɗai, sai in ɗauki mayafina mu tafi tare. Ki gaishe mini da maigida da yara.